MODEM ƊINMU MAI DASKAREWA ƘARFE HUƊU

Shafi na 17

Na ga saƙonninku duka, har da ke da kika rubuto sau tara wai na cika jan rai. Baiwar Allah ki yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Wannan shafin ne ya yi mini nauyi, sau uku ina farawa ina gogewa. Ga shi nan dai yadda ya zo.

Ranar da mai gyaran modem ya zo gidanmu, kwana goma sha biyu ke nan da shanyewar ɓarin jikin Baba na dama. Kwana goma sha biyu ke nan kuma muna yi wa Yaya ƙarya.

Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa, Yaya ce babba, ni ce auta. Tana can wata ƙasa mai nisa da mijinta, da ciki wata takwas, bayan ɓari uku a jere. Jininta ya hau, likita ya ce ta kwanta, ko labarin tashin hankali kada a bari ta ji. Mijinta da kansa ya kira Umma yana roƙo, ya ce don girman Allah a rufe mata maganar Baba har ta sauka lafiya.

To amma wa zai hana Yaya kiran bidiyo? Kullum ƙarfe huɗu sai ta kira. Ita ce ma ta sa aka saka mana modem, don sabis ɗin waya ba ya shiga ɗakunanmu sai mutum ya fita bakin titi.

Sai ga modem ɗin ya tsiro da wata tsiya tun washegarin da aka sallamo Baba daga asibiti. Da safe lafiya lau, da rana lafiya lau. Ƙarfe huɗu na yi sai ya fara ja, hoto ya yi dishi-dishi, murya ta riƙa katsewa, can kuma komai ya daskare. Ni kuwa in jingina Baba da filo, in sa masa hula, in riƙe waya daga nesa. Ya ɗaga hannun hagu. Yaya ta ce, "Auta, me ya ce? Ban ji ba." In ce, "Ya ce yana gaishe ki."

Wallahi har godiya nake yi wa Allah a raina. Na ɗauka rufin asiri ne ya zo mana daga sama.

Ranar na dawo daga makarantar da nake koyarwa wajen biyu da rabi, na tarar da wani dattijo a ƙofar gida da jaka a kafaɗa da katin aiki a wuya.

"Malama, nan ne gidan da modem yake daskarewa?"



"Wa ya turo ka?"

"Mai rajistar layin. Jiya ta kira ofishinmu sau huɗu. Ta ce in ba a zo yau ba, za ta kira na biyar."

Yaya ke nan. Ko a kwance take sai ta juya gari.

Na so in ce masa babu kowa a gida, sai ga Umma ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dube shi, ta dubi jakar, fuskarta ta canza.

"Lafiya?"

"Mai gyaran intanet ne, Umma. Yaya ce ta turo shi."

"Ai da ba ka wahalar da kanka ba, bawan Allah. Abin nan ya tsufa ne kawai."

Ya yi murmushi. "Mama, ko shekara bai yi ba. Minti goma kawai za ki ba ni."

Ba yadda ta iya, ta matsa.

Modem ɗin yana kan wani ɗan tebur a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin Umma, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Ɗakin Baba yana can ƙarshen gidan. Mai gyara ya durƙusa, ya ciro kwamfutarsa, ya ɗora a gwiwa.

"Fitilunsa duk suna ci. In ya daskare, wacce ce take mutuwa?"

Na ce, "Ban taɓa dubawa ba. Lokacin ina ɗakin Baba da waya."

"Mama fa?"

"Ni me na sani a fitila? Girki nake yi."

Ya kashe shi, ya ƙirga talatin a bakinsa, ya kunna. Ya zare wayar da ta shigo daga waje, ya hure bakinta, ya mayar. Ya bi ta da yatsa har bakin tagar kicin ko ɓera ya ci. Ya taɓa soket ya ji ko yana rawa. Sannan ya auna gudun layin, ya jira, ya sake aunawa.

"Waya nawa ke hawa kansa?"

"Tawa da ta Umma. Sai kwamfutata."

"Su na gani. Ba wanda yake satar muku. Malama, layin nan gudu yake yi kamar an biyo shi."

Umma ta ce da sauri, "To alhamdulillahi, tunda lafiya ne. Auta, kawo masa ruwa ya sha ya tafi, kar mu ɓata masa lokaci."

"Tsaya tukuna, Mama. Mai ciwon da yake warkewa in likita ya zo, shi ya fi ba ni tsoro."

Ya danna wani wuri, rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ya ce modem yana ajiye tarihin abin da ya same shi, kamar katin asibiti. Ya riƙa bi da yatsa, goshinsa ya tattare.

"Ikon Allah."

"Mene ne?"

"Kullum huɗu saura minti goma sai zafinsa ya fara hawa. A daidai lokacin kuma wayoyinku suke daina jin sa sosai, kamar an gina katanga a tsakani. Biyar saura kwata sai ya huce, komai ya dawo. Jiya haka, shekaranjiya haka. Kwana tara ba fashi."

Ya ɗago ya dubi bango.

"Rana tana shigowa nan da yamma?"

"Babu taga a lungun nan."

"Ana guga kusa da shi? Ko ana ajiye abu mai zafi?"

"A'a."

Ya ɗauki modem ɗin yana juya shi. Saman ya ɗan lotsa, robar ta yi rawaya. Ya kai shi hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Shekarata ashirin a aikin nan, ban taɓa jin modem yana warin albasa ba."

Na yi 'yar dariya. Ni kaɗai na yi.

Sai ya nuna mini farin ƙyallen da ke kan teburin. Akwai wani baƙin zobe a jiki, babba, zagaye cif, ya kewaye wurin da modem yake zama. Ya goga yatsa a kai, ya nuna mini. Baƙin tukunya ne.

Na juya na dubi Umma.

Ta jingina tsintsiyar da bango, ta shiga kicin. Muka ji ƙarar kwanuka. Ta fito rungume da babbar tukunyarmu ta dalma, wadda ba a sauko da ita sai an yi baƙi da yawa. Ta karɓi modem daga hannun mutumin, ta ajiye a wurinsa, ta kifa tukunyar a kai. Bakin tukunyar ya zauna daidai kan baƙin zoben. A gefe ɗaya an lotsa bakin da taɓarya, don wayoyin da ke jikin modem su samu hanyar fita.

Mai gyara ya dubi kwamfutarsa. Ina gani sandunan nan na ƙarfin sabis suka faɗo daga huɗu zuwa ɗaya.

Umma ta ce, "Ga ciwonsa nan. Ba sai ka ci gaba da bincike ba."

Na ce, "Umma!"

"Na'am."

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Kullum da kike cewa bari ki duba girki?"

"Girkin ke nan."

Mai gyara ya ce a hankali, "Mama, don Allah cire. Zai iya ƙonewa, har ya kama ƙyallen."

Ta ɗage tukunyar ta ajiye a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji shi.

"Ɗan'uwanka da ya zo ya saka mana. Ya ce abu biyu ne kada a yi, kada a rufe shi, kada a sa ƙarfe kusa da shi. Ni ban yi boko ba, amma in aka faɗa mini magana ina riƙewa. Na haɗa biyun na yi."

"To me ya hana ki kashe shi kawai?"

"In na kashe ɗungurungum, yarinyar nan za ta kira maƙwabta ta ce su shigo su duba mata mu. Ka san ta? Ba ka san ta ba. Gara ta ga ubanta dishi-dishi, ta ga ya ɗaga hannu, ta san yana raye. Bakinsa ne ba na so ta gani."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya fahimci ya shigo cikin abin da ya fi ƙarfin jakarsa.

Ni kuwa raina ya ɓaci, ɓacin da ban san daga ina ya taso ba. Ai ni ma maƙaryaciyar ce, ni nake riƙe wayar, ni nake cewa ya ce yana gaishe ki. Amma hakan bai rage mini fushin ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Don bakinki ba ya riƙe magana in kina kuka."

"Umma, kin san Baba yana kuka kullum in an gama kiran nan?"

"Ciwo ne. Likita ya ce masu irin ciwonsa suna yawan hawaye."

"Ba ciwo ba ne! Ke ba kya ɗakin, ni nake ɗakin. Wayar yake jawowa kusa da idonsa yana neman fuskarta. Shi ma fa dishi-dishi yake ganin ta. Jiya hoton ya daskare idonta a rufe, ya yi ta shafa gilashin da yatsa kamar zai buɗe mata ido. Ba ita kaɗai kika rufe wa ba, har shi."

"Rage murya. Yana ji."

"Ya ji mana! Baki ne ya mutu, kunne bai mutu ba."

"Auta, ni kike ɗaga wa murya a gaban baƙo?"

Hawaye ya zubo mini, na share da gefen mayafi. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun ranar Litinin, na rantse ba zan faɗa mata ba. Ban san lokacin da ta fito ba.

"Umma, ranar da muka koma asibiti, likita ya kira ni gefe."

Ba ta motsa ba.

"Ya ce zuciyar Baba ta yi rauni. Ya ce abin zai iya dawowa kowane lokaci, kuma in ya dawo..." Na kasa ƙarasawa. "Ya ce duk wanda ya kamata ya gan shi, a bari ya gan shi yanzu."

Na jira ta faɗi, ko ta yi salati, ko ta kama bango.

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Ni ya fara faɗa wa, tun ranar sallama. Ke ce ta biyu."

"Kin sani kike kifa tukunya?"

"Saboda na sani nake kifawa."

Ta zauna a kan 'yar kujerar da ke bakin kicin. A kwana goma sha biyun nan ban taɓa lura da yadda ta rame ba sai lokacin. Zoben hannunta har juyawa yake yi.

"Shekara talatin da shida ina tare da mutumin nan. Kina ganin ban san me yake so ba? Na san yana so ya ga 'yarsa. In na shiga ba ya kallona, bango yake kallo, ya gane ni ce. To ya yi fushi da ni, na ɗauka. Shi dai na ga alama zan rasa shi, ba yadda zan yi. Amma ba zan haɗa da 'yata da abin da ke cikinta ba. Sau uku ina jin kukan yarinyar nan a waya, tana cewa Umma cikin ya sake zubewa. Sau uku. Ban je ba, ban riƙe ta ba, sai dai in ce ta yi haƙuri. Saura mako huɗu, Auta. Mako huɗu kawai nake roƙo."

"In kuma Baba bai kai mako huɗun ba fa?"

"Sai ta tsane ni tana raye."



Ta juya wurin mai gyara, wanda tun ɗazu yake ta naɗe waya ɗaya yana warwarewa don ya rasa inda zai sa idonsa.

"Bawan Allah, kana da 'ya'ya?"

"Huɗu, Mama. Babbar tana ɗakin miji."

"To ka san abin da nake faɗa. Alfarma ɗaya zan roƙe ka. In ta kira ku, ka ce abin ya lalace, sai an kawo wani daga nesa. Ka ce zai ɗauki wata guda."

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya duba, ya dafe kai.

"Innalillahi."

"Mene ne kuma?"

"Mama, da na sani ai da ban auna ba. Mu a wurin aikinmu ba mu muke ba da rahoto da baki ba. Da zarar na auna layi ya nuna lafiya, saƙo da kansa yake tafiya wurin mai rajista, cewa an gyara, ta gwada ta gani."

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Tun yaushe?"

"Minti goma sha biyu."

Umma ta miƙe tsaye. "Ƙarfe nawa yanzu?"

"Uku da kwata," na ce. "Ba za ta kira ba sai huɗu. Ai ta saba..."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar.

Daga ɗakin Baba take fitowa. Wayar Umma ce, wadda muke bar masa a gefen hagunsa yana sauraren karatu. Ban shirya shi ba. Babu hula, babu filo, tawul ɗin da muke sa masa a ƙarƙashin haɓa saboda yawu yana nan a wuyansa.

Umma ta sunkuya ta ɗauki tukunya.

Ni kuma na riƙe ɗaya hannun tukunyar.

Kada ku tambaye ni dalili. Na sha tambayar kaina. Ban yanke shawara ba, ban yi tunanin komai ba, hannuna ne kawai ya kama ya ƙi saki.

"Sakar mini."

"Umma..."

"Auta, sakar mini tukunya!"

"Sau ɗaya kawai, Umma. Ya gan ta sau ɗaya. Zan je in gyara shi, in riƙe wayar daga nesa..."

"Za ki kashe mini 'ya! Saki na ce!"

Tana ja ina ja. Mai gyara ya miƙe yana cewa, "Mama, Malama, don Allah," ba wanda ya saurare shi. Wayar tana ta ƙara, sau huɗu, sau biyar.

Sai ƙarar ta tsaya.

Umma ta sauke ajiyar zuciya. "Ta katse."

Ba ta katse ba. Muryar Yaya ce ta cika gidan, tas, ba ko gargada, kamar tana tsaye a tsakar ɗakin.

"Yauwa! Ai ga shi an gyara! Baba, kai ka ɗauka da kanka? Ɗan matsar da ita baya, hancinka kawai nake gani."

Na saki tukunyar na ruga.

Na same shi ya zame daga kan filo, ya karkace gefe guda. Wayar tana hannunsa na hagu, ya riga ya matsar da ita baya kamar yadda ta ce. Fuskar Yaya ta cika gilashin, kumatunta sun kumbura, tana dariya. Baba yana kallon ta, hawaye yana gangarowa ta ido ɗaya. Yana so ya kira sunanta. Leɓensa na dama ya ƙi tashi, sai wani gurnani da yawu.

Na ga lokacin da dariyar ta bar fuskarta.

"Baba?"

Na kai hannu zan karɓe wayar, ya damƙe ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Baba, me ya sami bakinka? Baba, yi mini magana. Auta! Na ga hannunki, Auta, me ya same shi?"

"Yaya, ki kwantar da hankalinki, yana samun sauƙi..."

"Tun yaushe?"

Na kawar da kai.

"Na ce tun yaushe!"

"Kwana goma sha biyu."

"Kwana goma sha..." Ta yunƙura ta tashi daga kan gadon. "Kullum ina kira. Kullum kina ce mini ya ce yana gaishe ni. Ina Umma? Ba ni Umma. Ba ni..."

Ta dafe goshi. Ta ce, "Wayyo, kaina."

Hoton ya juya. Na ga bango, na ga ƙofa, na ji wani abu mai nauyi ya bugu da ƙasa. Sai farin silin kawai ya rage a gilashin.

"Yaya! Yaya!"

Shiru. Mijinta ba ya tashi daga aiki sai shida, ita kaɗai ce a gidan.

Umma tana tsaye a bakin ƙofa, har lokacin tukunyar tana hannunta. Ba ta shigo ba. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Daskarewa ya yi, ko? Auta, ce mini daskarewa ya yi."

Na ƙura wa wayar ido. A can gefen hoton akwai bakin labulen ɗakin Yaya, iska tana kaɗa shi, yana shiga yana fita.

"Bai daskare ba, Umma."